Babi na Bakwai: Neman Gaɓa a Jikin Samfurin Aro

Duk mai koyon haɗa katun a kwamfuta yana da ranar da zai gane cewa kyan abu daban, iya motsinsa daban. Ranar takan zo ne bayan ya sauke samfurinsa na farko daga intanet. Wani gwani ne a wata ƙasa ya ƙera mota, komai ya ji, har zanen taya da ƙyallin fenti. Mai koyo ya shigo da ita cikin manhaja yana murna, ya kama taya zai juya, sai motar duka ta wuntsila. Ya kama ƙofa zai buɗe, sai ta taho da rufi da kujeru da inji. Ashe abin da ya ɗauka mota ce, dunƙule guda ne mai kamannin mota.

A babin da ya gabata mun ga yadda ake nemo samfuri a shigo da shi. Wannan babin kuwa na aikin da ke biye ne, wanda masu koyarwa da yawa ke tsallakewa don ba shi da armashi a ido: rarraba samfurin gida-gida, a fitar da kowane sashe da ya kamata ya motsa, a ba shi suna da wurin juyawa. A ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga mai farawa. A nan hannu yake koyon yadda aka gina abu, a nan kuma kayan wani yake fara zama naka.

Keken Tamale

Bari mu ɗauki misali daga Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Ghana. Garin Dagomba ne, harshensa Dagbani, amma Hausa ta daɗe a zangunansa da kasuwanninsa, tun zamanin da fatake ke ratsa ƙasar zuwa Salaga sayen goro. Abin da ke fara cika idon baƙo shi ne babura da kekuna, maza da mata kowa na tuƙa nasa. Sai kuma keke mai ƙafa uku mai fentin rawaya, wanda mutanen garin ke kira yalo-yalo, ɗan'uwan a-daidaita-sahun Kano. Akwai kuma na dako mai akori a baya, wanda suke kira motokin, shi ke kwasar doya da buhunan masara a kasuwar Aboabo.

A ce wani matashi a Sakasaka ko Lamashegu ya samu aikin tallan daƙiƙa talatin, ko bidiyon waƙa, ko ɗan darasin tsallaka titi na yaran firamare. Muddin yana son mai kallo ya yarda cewa Tamale yake gani, dole yalo-yalo ya gilma. Zai shiga rumbunan samfura irin su Sketchfab ko TurboSquid ya nema. Abin da zai fi cin karo da shi shi ne tuk-tuk na Bankok mai dogon jiki da kwalliyar ƙarfe, ko keken birnin Delhi mai kore da rawaya, da lambar Indiya da rubutun Hindi a bayansa.

Buƙatunsa biyu ke nan. Ta farko motsi: tayoyi su juya, sitiyari ya karkata, jiki ya yi tsalle idan an faɗa rami. Ta biyu kamanni: a cire lambar Indiya, a sauya fenti, a ɗora rumfa irin ta gida, a yi rubutun da direbobinmu ke yi a baya. In mota ce aka ƙera a Japan ko Ingila, har sitiyarin sai an ciro shi an mayar hagu, domin Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, Nijeriya kuwa tun 1972. Duka biyun ba sa yiwuwa sai an rarraba samfurin.

Abin da ke cikin fayil

Kafin a yanka abu, ya kamata a san da me aka yi shi. Samfurin 3D raga ce. Akwai ɗigogi a sarari, kowanne da lambobi uku da ke faɗin inda yake. Layuka na haɗa ɗigo da ɗigo, layuka uku ko huɗu kuma su kewaye fuska. Dubban fuskokin nan ne ke haɗuwa su ba da siffar taya ko kujera. A kansu ake shimfiɗa hoto kamar fata, wanda ke ɗauke da launi da tsatsa da rubutu. Kwamfuta ba ta san taya ba, ba ta san ƙofa ba. Abin da ta sani shi ne wane ɗigo ne ke haɗe da wane, kuma waɗanne ne aka tara ƙarƙashin suna ɗaya.

Yawan abin da zai iso maka ya danganta da irin fayil ɗin. STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987 don injin buga abubuwa, ba ya ɗauke da komai sai fuskoki masu kusurwa uku: babu launi, babu sunayen sassa, babu ma ma'auni. OBJ na kamfanin Wavefront ya fi shi, yana riƙe rukunoni da shimfiɗar fata, launukan kuma suna zuwa a wani ɗan fayil na gefe mai suna MTL, amma ba ya ɗaukar ƙwarangwal ko motsi, ba ya kuma tuna wurin juyawar kowane sashe. FBX, wanda ke hannun Autodesk tun 2006, da glTF na ƙungiyar Khronos, wanda zubinsa na biyu ya fito a 2017, su ne ke iya kawo komai: sassa da sunayensu, da wane ke bin wane, da ƙasusuwa, da motsi. Saboda haka idan rumbu ya ba ka zaɓi, ɗauki FBX ko glTF. Zaɓin daƙiƙa ɗaya ne da kan rage aikin yini guda.

Ko da fayil mai kyau, sau da yawa samfurin yakan zo a dunƙule, kuma da gangan mai shi ya yi haka. Masu ƙera kayan wasannin bidiyo suna haɗe sassa wuri ɗaya domin na'ura ta fi saurin zana abu guda mai girma a kan ƙanana ɗari. Keken da aka ƙera don ya tsaya a gefen titi cikin wasa ba a yi shi don ya motsa ba.

Hanyoyi uku na rabawa

Zan yi bayani da Blender, domin kyauta ce, kuma tana tashi a kan kwamfutar hannu ta biyu irin wadda yawancinmu ke iya saye. Sauran manhajoji kamar Maya da Cinema 4D suna da irin waɗannan hanyoyi, sunaye ne kawai suka bambanta.

Tun kafin ka taɓa komai, ajiye kwafin asali a gefe. Sannan duba girma da tsayuwa. Wasu manhajoji suna aunawa da santimita, Blender da mita. Wasu sun ɗauki layin Y a matsayin sama, Blender ta ɗauki Z. Shi ya sa keke kan iso a kwance, ko ya zo ƙanƙane kamar ƙwaro, ko ya fi bene tsawo. Gyara shi ya tsaya daidai, ka danna Ctrl da A ka tabbatar da girman da juyin, domin duk sashen da ka ciro daga baya zai gaji abin da ka bari.

Yanzu danna Tab ka shiga cikin ragar, ka danna P. Jerin zaɓi uku zai fito.

Na ƙasa yana raba duk ɓangarorin da ba su haɗu da juna da ko ɗigo ɗaya ba. Don ka ga aikinsa, jarraba shi a kan kan birin nan da ke zuwa tare da Blender, mai suna Suzanne, mai fuskoki 500. A ido abu ɗaya ne, amma da ka raba shi ta wannan hanya sai ya zama uku: kai da idanu biyu. Haka keke yake. Sau da yawa mai ƙira ya yi taya daban, madubi daban, sannan ya tara su ƙarƙashin suna ɗaya ba tare da ya haɗa ɗigoginsu ba.

Na tsakiya yana rabawa bisa ga abin da aka shafa wa kowace fuska. Duk abin da aka ba roba zai fita tare, gilashi tare, fenti tare. Wannan ya fi amfani idan kamanni kake son sauyawa: ka ware jikin da ke kore ka mai da shi rawaya ba tare da ka taɓa kujera ba. Amma tayoyi uku za su fita a matsayin abu guda, tunda duk roba ce, sai ka sake raba su ta hanyar da ta gabata.

Na sama shi ne na hannu: abin da ka zaɓa da kanka shi zai fita. Ɗora linzami a kan madubi ka danna L, duk abin da ke haɗe da wurin zai haskaka. Ci gaba da dannawa a kan sandarsa da kusoshinsa har ya cika, sannan P. Idan za ka ja akwati don zaɓar wuri mai faɗi, fara kunna gani-har-hanji da Alt da Z, in ba haka ba fuskokin gaba kaɗai za ka kama, na baya su zauna. Abin da ya tare maka gani, ɓoye shi da H, ka dawo da shi da Alt da H.

Wahala tana inda ragar ta haɗe gaba ɗaya, misali akorin motokin da aka ƙera manne da firam. Nan sai yanka. Mahaucin da ya san aikinsa ba ya sara a tsakiyar ƙashi. Yakan lalubi gaɓa da yatsa, ya sa bakin wuƙa, cinya ta rabu ba gardama. Kai ma nemi layin da ya kewaye sashen a inda yake rabuwa a zahiri. Riƙe Alt ka danna layi ɗaya, in ragar mai tsari ce zoben duka zai zaɓu. In babu layi a wurin, maɓallin K zai ba ka wuƙa ka tsaga sabo. Bayan ka raba, juya samfurin ka duba: za ka tarar da rami a inda ka yanke, sashen da ka ciro kuma siriri ne kamar takarda, domin samfuri ɓawo ne, cikinsa fanko. Toshe ramin da F, ka ba ƙofa ko akori kauri, in ba haka ba ranar da ya buɗe a gaban kyamara za a ga babu komai a ciki.

Idan ya tarwatse

Akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Ka danna zaɓin ƙasa kana sa ran sassa ashirin, sai jerin gefe ya cika da ɗaruruwa, taya ɗaya ta koma gunduwa-gunduwa. Samfurin lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne, fayil irin glTF yakan ninka ɗigo a duk inda fata ke da ɗinki ko inda kusurwa ta yi kaifi. Ɗigogi biyu suna zaune wuri ɗaya, ido na ganin ɗaya, alhali ba a haɗe suke ba.

Maganin yana da sauƙi. Koma baya da Ctrl da Z, zaɓi komai da A, danna M ka ɗauki haɗewa bisa tazara. Blender za ta narkar da duk ɗigogin da ke kusa da juna su zama ɗaya, ta kuma faɗa maka guda nawa ta cire. Ka bar tazarar ƙanƙanuwa yadda ta zo. In ka ƙara ta da yawa, taya za ta manne da madgad, ka koma gidan jiya. Bayan haka sake rabawa. Sassan da suka rabu fiye da kima, kamar kusoshin da ya kamata su juya tare da taya, zaɓe su duka ka haɗa da Ctrl da J.

Ƙa'idar ita ce: ana raba abu ne gwargwadon motsinsa. Duk abubuwan da ke motsi tare, su zauna tare. Sannan a ba kowanne suna da F2, da harshen da ku ke aiki da shi: tayar gaba, tayar baya ta hagu, rumfa, sitiyari. Blender da kanta lamba kawai take ƙarawa a bayan tsohon suna, kuma wanda zai gaji fayil ɗin bayan wata uku ba zai gane komai daga lamba ba.

Wannan kuma shi ne lokacin zubar da abin da kyamara ba za ta gani ba. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato 1,440 a minti ɗaya. Idan kowane hoto ya ɗauki minti guda kafin ya fito, minti ɗaya na fim zai ci awa 24 cur. Ga mai aiki da ƙaramar kwamfuta a garin da zafi ke gasa inji, wutar lantarki kuma takan ɗauke, goge kayan cikin injin da ba za a buɗe ba riba ce. Tayoyin baya ma, goge ɗaya ka kwafi ɗayar da Alt da D, sai su yi tarayya a raga guda.

Cibiya, da uwa da 'ya'ya

Rabawa rabin aiki ne. Kowane abu a Blender yana da ɗan ɗigo mai ruwan lemo wanda a kansa yake juyawa. Mu kira shi cibiya. Duk sashen da ka ciro yana fita ne da cibiyar uwarsa, wadda ke tsakiyar keke. Shi ya sa in ka juya tayar da ka raba, maimakon ta mirgina a wurinta sai ta riƙa kewaya keken duka. Ga abu mai daidaiton siffa kamar taya, umarnin mayar da cibiya tsakiyar jiki ya isa. Ga ƙofa ko akori kuwa, cibiya tana kan hinji. Zaɓi ɗigogin hinjin, danna Shift da S ka kawo alamar nuni wurin, sannan ka mayar da cibiya kanta.

Daga nan sai jerin biyayya, da Ctrl da P. Jikin keke shi ne uwa. Tayoyin baya 'ya'yansa ne: in ya tafi su bi shi, amma suna iya juyawa ba tare da shi ba. Sitiyari da cokalin gaba ɗa ne ga jiki, tayar gaba kuma 'ya ce ga cokali, jika ga jiki. Da wannan tsari, in ka karkata sitiyari taya za ta karkata, tana kuma ci gaba da mirginawa.

Har lissafin makaranta yana da wuri a nan. A ce faɗin taya santimita 40 ne. Kewayenta ya kusa 126, wato a tafiyar mita 10 za ta juya kusan sau takwas. In ka ba ta ƙasa da haka, mai kallo zai ji keken na sulɓi a kan titi ko da bai iya faɗin dalili ba.

To, ta ina za ka san me ke bin me? Ba a cikin kwamfuta amsar take ba. Je ka garejin masu gyaran keke, ka gaishe da maigidan wurin, ka nemi izinin tsayawa ka kalla. A nan za ka ga madgad ɗin gaba yana karkata tare da taya, fitilun yalo-yalo kuwa suna jikin gaba ba sa bin sitiyari, saɓanin babur wanda fitilarsa ke juyawa inda hannu ya juya. Za ka ga cokalin gaba a karkace yake, ba a miƙe ba, don haka layin juyawarsa ma a karkace zai zama. Za ka ga yadda baya ke nutsewa idan fasinja uku sun zauna. Ɗauki hoto da bidiyo da waya. Yaron gareji mai shekara sha biyar ya san gaɓoɓin keke fiye da wanda ya shekara yana kallon darasi a YouTube.

Tarihi ma ya nuna haka. Moustapha Alassane na Nijar, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka ta Yamma, kanikanci ya fara koya kafin sinima. An haife shi a 1942 a N'Dounga, ya yi aiki da mai shirya fim Jean Rouch, ya je Kanada ya ƙaru da gwanin fim ɗin zane Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban wata ƙasar kwaɗi, a 1977 kuma Samba le Grand, wanda ya yi da 'yan tsana. Ya daɗe yana aiki a Tawa, ya rasu a 2015. Mai motsa 'yar tsana hoto bayan hoto dole ya yanke shawarar inda wuya zai lanƙwasa da inda gwiwa za ta karye, shawarar da ke gabanka yau a kan allo.

Abin da ba a yankawa

Duk abin da muka faɗa na ƙarfe ne da katako. Jikin mutum da dabba hukuncinsa daban. Lotte Reiniger ta Jamus, wadda ta fitar da fim ɗinta na Yarima Ahmed a 1926, tana yanka mutanenta daga kwali gaɓa-gaɓa ta haɗa da waya, kuma hakan ya yi kyau domin inuwa kawai ake gani. A 3D kuwa, in ka yanke hannu daga kafaɗa, tsaga za ta bayyana da zarar ya ɗaga. A nan fata takan zauna ɗaya, a saka mata ƙwarangwal a ciki, a gaya wa kowane ɗigo ƙashin da zai bi da gwargwadon yadda zai bi shi.

Abin da ake rabawa a jikin mutum shi ne ido da haƙora da gashi da tufafi. Samfuran mutane da ake samu a rumbuna irin su Mixamo yawanci da wando da riga irin ta Turai suke zuwa. Mai son nuna magidanci a bikin Damba zai ware rigar ya cire, ya ɗinka masa babbar rigar saƙi ta arewacin Ghana, wadda ake kira fugu ko batakari. Dole rigar ta zama abu mai zaman kansa, domin kyanta yana cikin yadda take buɗewa ta yi laima idan mai rawa ya juya, kuma manhaja ba za ta iya lissafa wannan ba sai an ware ta a matsayin yadi. A kula: kafin a cire tsohuwar riga a leƙa ƙarƙashinta, don masu ƙira da yawa ba sa yin jiki a inda tufa ta rufe.

Nau'i mafi taurin kai shi ne samfurin da aka ɗauko da kyamara ko na'urar leza daga abu na zahiri. Aikin Zamani na Jami'ar Cape Town ya auna wurare irin su masallacin Jenne a Mali, da majami'un Lalibela a Habasha, da gidan kurkukun bayi na Elmina a Ghana. Irin wannan samfuri fata ɗaya ce mai miliyoyin fuskoki, ƙofa manne da bango, bango manne da ƙasa. Wanda ya ɗauki masallacin Larabanga ta wannan hanya yana son ƙofarsa ta buɗe, gara ya goge ƙofar ya ƙera sabuwa a gurbinta da ya tsaya tsinta ɗigo-ɗigo.

Haƙƙin mai abu

Iya rarraba samfuri ba shi ne izinin yin haka ba. Mutum ne ya zauna kwanaki ya ƙera shi, ya kuma rubuta sharaɗinsa. Yawancin na kyauta suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kuma haruffan suna da ma'ana. CC0 na nufin mai shi ya sallama, yi yadda ka so, kamar kayan da ke Poly Haven. BY na nufin dole ka ambaci sunansa. NC na nufin ban da kasuwanci, kuma tallan da aka biya ka kasuwanci ne. ND kuwa ya hana ka yaɗa abin da ka sauya, wato keken da ka cire wa lamba ka sake wa fenti ya shiga ciki. Na saye ma yawanci izinin amfani a cikin aikinka ka saya, ba izinin sake sayar da fayil ɗin ba. Ajiye ɗan rubutu kusa da kowane samfuri: sunan mai shi, inda ka samo, da sharaɗinsa. Amana ce, ko da mai ita yana Brazil bai san da zamanka ba.

Daga kwancewa zuwa ƙerawa

Tamale tana da wanda ya nuna wa duniya abin da ake iya yi da kayan da suka zo daga waje. Ibrahim Mahama, mai fasaha da aka haifa a garin a 1987, ya yi suna da buhunan garara da ake saƙawa a Asiya, a shigo da su Ghana don koko, daga baya su koma ɗaukar hatsi da gawayi. Yana ɗinke su ya lulluɓe gine-gine, kamar yadda ya yi a baje kolin Venice a 2015. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a Tamale, a shekarar da ta biyo kuma Red Clay a wajen gari, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa, yara na shiga ciki suna ɗaukar darasi. A 2024 ya rufe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da yadin da ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka a filin wasa na Tamale, aka manna masa tsofaffin rigunan batakari. Bai ƙi kayan waje ba, bai kuma bar su yadda suka zo ba.

Manhajar ma da irin wannan ruhi ta iso mana. Ton Roosendaal ɗan Holan ne ya ƙirƙiri Blender. Da kamfaninsa ya durƙushe, masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 cikin mako bakwai, aka fanshe ta, aka sake ta kyauta ga kowa a watan Oktoban 2002. A 2025 fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis ɗan Latbiya, wanda aka yi da ita, ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun. Maɓallin P da ya danna shi ne wanda ke gaban matashin Sakasaka.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Keke da mota da kujera za ka samu a rumbu ka gyara. Gidan Dagomba mai ɗakuna zagaye da rufin ciyawa, da kwanon tuwo, da goge, da gangar lunga, 'yar'uwar kalangu, waɗannan mu ne ya kamata mu ƙera, domin mu muka san yadda suke. Wanda ya kwance samfura goma da hankali ya riga ya ga yadda gwanaye ke jera layuka a kusurwa, da inda suke ɓoye ɗinki, da inda suke rage fuskoki. Makarantarsa ke nan.

Don haka aikin wannan babi kashi biyu ne. Sauke keke mai ƙafa uku mai lasisin da ya halatta gyara, ka rarraba shi, ka sa cibiyoyi, ka tafiyar da shi mita goma har ya sha kwana. Bayan haka nemi lunga ko kalangu na gaske, ka riƙe shi, ka rubuta a takarda sassansa: icen da aka fafe mai siririn ƙugu, fatu biyu, zobban da ke riƙe su, tsirkiyoyin da ke tsakaninsu, da makaɗi mai lanƙwasa. A gaban kowanne rubuta me yake bi, a ina yake juyawa, me ke faruwa da shi idan mai kiɗa ya matsa hammata. Da wannan takarda za mu fara ƙira a babi na gaba. In ka gama naka, ɗora shi a rumbu da sunanka da sharaɗinka, sassansa a rarrabe, sunayensu da Hausa ko Dagbani, domin ɗalibin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya sauke shi ya fara aiki nan take.